Albasar Waliyyu

Ina jiran mota a tashar Aliero, shekarar wahalar mai, sai na ji wani direban Legas da wani tsoho mai albasa suna gardama.

"Baba, kwana tara niy yi layin gas. Kawo albasarka mu loda."

"Buhun algarara mai shan iska bai iso ba."

"Shina cikin jirgin ruwa, ana yajin aiki. Zuba buhun taki, kamar kowa."

"Na roba? Kahin Kwantagora ta dahu."

"Nan ma ruɓewa za ta yi."

"Ta ruɓe gabana! Ɗana Waliyyu yad dasa ta, Allah bai nuhe shi da cire ta ba. Ba ni aika ta tana wari a ce aikinai na."

"Allah shi jiƙan shi. Amma wata motar sai wata guda."

"Sauka lahiya, yaro. Albasa ta san jira, in an bar mata iska."