Noti Takwas da Sanda Biyu a Bayana

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena mata na zumunta, da 'yan'uwan da suka taso daga Maiyama da Aliero don wannan sujada, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku. Haleluya!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Irmiya. Asalinmu ƙasar Zuru ce, amma na daɗe a nan Jega ina gyaran injin ban-ruwa. In kun shiga fadamun albasa kuka ce kuna neman Irmiya Mai Inji, ba wanda zai ce muku wane ne shi.

Yawancinku kun fi sanin matata, Maman Alheri. Ita ce mai zuwa majami'a. Ni sai Kirsimeti, ko in an yi rasuwa.

Zan faɗi gaskiya, don a gaban Allah nake tsaye. Ni mutum ne mai girman kai. Hannuna ya iya aiki, kuma na san ya iya. In na taso daga fadama da 'yan kuɗina, akwai wani lungu da nake biyawa in sha in yi tatil, sannan in nufi gida da masifa. Ban taɓa ɗaga hannu na doki matata ba, amma bakina ya yi mata abin da ya fi duka ciwo. Wata rana ta ce in tsaya mu yi addu'a kafin in fita, na ce mata, "Addu'arki ce ke tayar da inji, ko sifanata?" Haka na ce mata, a gaban yaranmu. Allah ya gafarta mini.

Abin ya faru ne da rani, lokacin da albasa ta kusa kai cira. Ranar Lahadi da safe wani manomi da muka daɗe tare, Malam Sahabi na Jiga Birni, ya kira ni a waya. Ya ce, "Irmiya, inji ya ƙi tashi, albasa ta fara kwanciya. Don Allah ka zo ka duba muna."

Matata tana ɗaura ɗankwalin zumunta, ni kuma na hau babur na kama hanya.

A shekarar ruwa ya ja ƙasa sosai, don haka sun haƙa rami mai faɗi, zurfinsa ya kai gaba biyu, suka jera bulo a ƙasa suka ɗora injin a kai. Na sauka na duba, na ga ba zai gyaru a ciki ba, sai an fito da shi. Malam Sahabi ya leƙo ya ce in dakata a kawo igiya. Na yi dariya na ce, "Injin nawa yake?" Na saɓa shi a kafaɗa na fara hawa tsani.

Saura taki biyu in fito, iccen da na taka ya karye.

Na faɗa da baya a kan bulon nan. Na ji ƙas! a tsakiyar bayana. Na yunƙura in tashi, sai na ga ƙafafuna a miƙe kamar na wani. Ina kallonsu, ina ce musu su motsa, sun ƙi.

'Yan'uwa, a nan na fara ganin hannun Allah, ko da yake a lokacin ban gane ba. Mutane sun duro ramin za su ciccibe ni, sai Malam Sahabi ya daka musu tsawa: "Kar wanda ya ɗaga shi! Kar ku ja shi!" Ashe ƙanensa ya taɓa faɗowa daga bishiya, aka ɗauke shi a kafaɗa, bai sake takawa ba har ya bar duniya. Ya sa aka ciro ƙyauren ɗakin ajiyar albasa, aka zura shi ƙarƙashina a hankali, aka ɗaure ni a kai da rawaninsa da igiya. Mutum shida suka fito da ni.

Kun san Aliero da ɗori. Can aka fara kai ni, wurin wani dattijon maɗori. Ya bi bayana da yatsunsa, ya mintsine ni a ƙafa ya ce, "Ka ji?" Na ce na ji kaɗan a ta hagu, ta dama kuwa ko alama. Sannan ya dubi Malam Sahabi ya ce, "Wanga ba aikina ba na. Hannu da ƙafa Allah ya hore muna, amma ƙashin baya ya fashe ya danne laka. In na taɓa shi na cuce shi. Ku wuce da shi Sakkwato yanzu, kuma kar ku sauke shi daga ƙyauren ga."

Na roƙe shi. Na ce, "Baba, ka dai gwada." Ya ce, "Yaro, ba a gwaji da bayan mutum."

Allah ya yi wa dattijon nan albarka!

A Aliero Maman Alheri ta same mu, daga majami'a ta taso, ko gida ba ta biya ba. Ta shiga bayan mota ta riƙe kaina da hannu biyu har Sakkwato. Malam Sahabi ma ya biyo mu.

A babban asibiti aka ɗauki hoton bayana. Likita ya kawo hoton ya nuna mini. Ƙashi ɗaya ya murƙushe kamar gwangwanin da mota ta taka. Ya ce sai an yi tiyata: za a buɗe bayan, a cire abin da ya danne lakar, a ɗaura noti takwas a lafiyayyun ƙasusuwan da ke sama da ƙasa, sannan a haɗa su da sandunan ƙarfe biyu don su riƙe wurin har ya warke. Ya ce, "Ba zan yi maka alkawarin za ka taka ba. Amma in aka bar shi haka, ɗan jin da ya rage maka ma zai iya tafiya."

Na ce ban yarda ba.

Na ce masa, "Likita, ni makanike ne. Na san noti. Yana kwancewa, yana tsatsa, zarensa yana cinyewa. A jikin inji in ya kwance sai in ɗaure. A bayana wa zai ɗaure?" Bai ji haushi ba. Ya je ya kawo guda ɗaya ya sa mini a tafin hannu. Ya ce wannan ƙarfe ba irin namu na kasuwa ba ne, ba ya tsatsa, kuma ƙashi yana kama shi ya riƙe. Na juya shi, na ga aiki ne mai kyau. Duk da haka na ce a'a.

Kun san abin kunyar? Sai na fake da addini. Na ce Allahna zai warkar da ni ba tare da wuƙa ba. Ni! Ni da ban san inda Littafi Mai Tsarkina yake a ɗaki ba!

Fasto ya zo daga Jega washegari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya sunkuyo ya ce, "Irmiya, tsakaninka da Allah, bangaskiya ce ke magana ko tsoro?" Na rufe ido kamar barci ya ɗauke ni. Ya yi addu'a ya tafi.

Kwana uku ina kwance ina gardama. A rana ta farko babban yatsana na hagu yana ɗan motsi. A rana ta uku ya daina.

Duk kwanakin nan ba na iya riƙe komai. An sa mini robar fitsari, bayan gida kuwa sai dai in ji wari. Matata ce ke gyara ni. Namiji kamata, wanda ke saɓa inji a kafaɗa, ana goge shi kamar jariri. Da safiyar rana ta uku tana goge ni, sai na hau ta da faɗa wai ruwan ya yi sanyi. A gaban marasa lafiya da masu jinya na zage ta tas.

Ta gama, ta rufe ni, ta je ta wanke hannu. Da ta dawo sai ta durƙusa a gefen gadon, ta kifa goshinta a kan katifa. Ba da ƙarfi take yi ba, amma ina ji. Ta ce, "Uba, ga bawanka. Ni dai na yafe masa, na yau da na baya. In ƙafafunsa za su dawo, ka dawo da su. In ba za su dawo ba, ka ba ni ƙarfin da zan riƙa ɗaukarsa."

Jama'a, ban roƙe ta gafara ba. Ban taɓa roƙonta ba tun da muka yi aure. Amma ga ta tana gaya wa Allah ta yafe.

Wani abu ya karye a ƙirjina. Na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu. Na kama hannunta na ce, "Maman Alheri, ki yi haƙuri. Na cuce ki." Sannan na buɗe baki na yi magana da Yesu, karo na farko cikin shekaru. Ban iya tsara addu'a ba. Na ce, "Ubangiji, ƙarya nake yi. Tsoro nake ji. Ina tsoron a sa ni barci in kasa tashi, ina tsoron in tashi gurgu. Ban cancanci ka dube ni ba, amma ka dube ni. Ga bayana, ga raina, na sa su a hannunka."

Ƙafata ba ta motsa ba a lokacin. Ba zan ƙara gishiri a shaidar Allah ba. Amma tsoron nan da ya danne ni kwana uku ya sauka, na ji numfashina ya daidaita. Na ce mata, "Kira likita ya kawo takardar yarda da tiyatar."

Na sa hannu. Kuɗin da asibiti ya nema kuwa, ku kun fi ni sanin yadda aka yi, don da hannunku a ciki. Manoman Jiga Birni da Jiga Makera su ma suka aiko da nasu ta hannun Malam Sahabi. Allah ya sāka wa kowa.

Aka shiga da ni ɗakin tiyata da safe, ban san inda nake ba sai bayan la'asar. Zafi kam na sha shi. Kullum likita zai zo ya yaye zane ya ce, "Motsa mini yatsa." Shiru. Washegari ma shiru. Na fara karaya, matata ta ce, "Baban Alheri, ai mun riga mun miƙa. Kar ka karɓo."

Rana ta shida ya ce in motsa. Na tattara duk ƙarfina. Yatsan ya yi ɗan noƙewa, kamar kan ƙadangare.

Maman Alheri ta kwarma ihu, "Haleluya!" Wani tsoho Musulmi da ke gadon kusa da ni ya ɗaga hannu yana cewa, "Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!" Ɗakin duka ya ɗauka. Yabo ga Ubangiji!

Daga nan aka shiga wata makarantar. Ranar da aka fara zaunar da ni, jiri ya kwashe ni. Aka ɗaura mini wata riga mai tauri a ƙugu, masu gashin ƙashi suka koya mini tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu, ƙafafuna suna rawa kamar na sabon maraƙi. Da aka sallame mu, a tsakar gidanmu na nan Jega na ci gaba, daga bakin ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa bakin ɗaki, ita tana gefena. Na faɗi sau biyu. Watanni na yi kafin in kai ƙofar gida ni kaɗai.

Sai daga baya na ji cewa rabin albasar Malam Sahabi ta ƙone, don ya bar ta babu ruwa ya bi ni Sakkwato. Da ya zo gaishe ni na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba Irmiya, albasa ana sake dasa ta baɗi. Kai fa?"

Yau ga ni. Ƙarafan suna nan a bayana, an sake ɗaukar hoto an ce ko ɗaya bai gusa ba. Ƙafar dama har yanzu ina ɗan janta, kun gani da na fito. In sanyi ya shigo bayan yana yi mini tsami. Likita ya hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, don haka na kafa benci a ƙofar gida, manoma suna kawo mini injinan a kan babur. Abinci bai yanke a gidana ba.

Giya kuwa, ba zan ce sha'awarta ta mutu rana ɗaya ba. Akwai ranar da na kama hanyar lungun nan da sandata, na kai rabi, na tsaya na yi addu'a na juyo. Tun daga faɗuwar nan ban sake kai ta bakina ba. Zafin rai ma yana tasowa wani lokaci, amma yanzu na iya cewa "yi haƙuri" kafin rana ta faɗi. Ku tambayi Maman Alheri, ga ta can.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, wataƙila kai ma akwai abin da ya kwantar da kai, kana ta nuna jarumtaka alhali tsoro ya cika maka ciki. Ka gaya wa Yesu gaskiya yadda take. Ba ya ƙyamar mai tsoro. Wani yakan warkar da shi nan take, wani kuma ta hannun likita da wuƙa da dogon jinya, kamar ni. Duka shi ne. Ka dogara gare shi, ba zai yar da kai ba.

Na so in durƙusa a gabanku in gode masa, amma bayana ba ya lanƙwasuwa kamar da, in na kai ƙasa sai an ɗaga ni. Don haka ina roƙon alfarma ɗaya. Duk mai iya tashi ya tashi tsaye tare da ni, mu gode wa Allah a kan ƙafafunmu.

Na gode maka, Uba. Na gode maka, Yesu. Ɗaukaka taka ce har abada. Amin!