Motar Chiharu a Cikin Kududdufi

Ranar Lahadi ce, ruwan sama ya ɗauke ke nan. Ina zaune a filin wasa na bakin kogi a birnin Shizuoka, ba aikin fari ba na baƙi, sai wani tsoho mai tankar yaƙi ta wasa ya leƙa motar rimot ɗin wani magidanci.

"Wannan ai Kwaɗo ce," in ji tsohon.

"Ita ce, Baba. Mako uku ina haɗa ta da hannuna. Ta 'yata Chiharu ce, gobe take cika shekara tara. Gwaji kawai nake yi."

"Gwaji tun safe? Batir na uku ke nan ina kallonka."

Magidancin ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka san dalilin sunan? Tsallen kwaɗo take yi, kuma ba ta tsoron ruwa."

"Tawa Damisa ce, sunan tankar gaske ta gada. Shekara talatin ko ɓera ba ta kama ba. Suna linzami ne ga mutum, ɗana, ban da roba."

"Kishi ne, Baba, taka tafiyar kunkuru take yi. Ga kududdufi can, zuba ido."

"Ka dai naɗe na'urar cikinta da balan-balan don kar ruwa ya shiga?"

"Ka taɓa ganin kwaɗo da rigar ruwa?"

Motar ta yi sama har muka tafa, sannan ta faɗa tsundum, ta yi shiru.

"Baba, kantin kayan wasa yana buɗe yau?"

"Yana buɗe. Mako ukun ne ba sa sayarwa."

An yi asarar na'ura ɗaya, batir ɗaya, taya biyu, da kyautar gobe.