Dawa a Duniyar Wata

A tashar Ƙanƙara, Malam Yahuza, malamin kimiyya mai son gyara kuskuren da ba a tambaye shi ba, ya leƙa littafin dattijon da ke gefensa.

"Baba, wannan littafi na biyun ƙarya ce zalla. A na ɗaya an ce babu iska a duniyar wata, yanzu kuma wai sun shuka dawa!"

"Na sani, Malam. Damina uku 'yan bindiga sun hana ni taka gonata a Mabai. Can sama kuwa mutum ya shuka, ba mai tare shi."

Malam ya gyara tabarau.

"Dami nawa suka samu?"

"Ban kai girbin ba. A hankali nake karantawa, kar ya ƙare."