Buhun da Ya Bar Mkoani

A hanyar tashar jirgin ruwa ta Mkoani, Bi Mwatima tana juya kanumfarin da ta shanya a tabarma, sai wani baƙo ya ja ya tsaya, jaka a kafaɗa.

"Ikon Allah! Mama, tun muna tsakiyar teku nake jin ƙamshin nan, ko tsibirin ba mu hango ba. Duk wannan dukiya a bakin hanya, ba mai gadi?"

"Gadin me? Ɗana, daga ina?"

"Tabora."

"Shi ya sa. Ɓarawon kanumfari ai shi ke tona kansa. Ya shiga jirgi, hancin kowa na kansa. Ya wanke rigar sau goma, tana nan tana faɗa. A rayuwata mutum ɗaya na sani da ya tsallake da buhu, shi ma bai sake taka Pemba ba."

Baƙon ya durƙusa, ya ɗebi kaɗan ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba.

"Haka akwatin babana yake. Shekara arba'in, har ya rasu ƙamshin bai fita ba. Ko a shayi ba ya yarda a sa masa. Sai da zai cika ya ce in zo in ga garinsu."

Bi Mwatima ta tsura wa goshinsa ido.

"Sunansa Shaame?"

"Mama, ya aka yi kika..."

"Shaame ƙanena ne. Buhun da ya tsallake da shi namu ne, na kayan aurena. Ajiye jakar nan, ɗan ƙanena. Ka ci abinci kuwa?"