Manhajar Gayya

A tashar Goronyo, Elisabatu ma'aikaciyar asibiti ta lura da dattijon gefenta, rungume da kwamfuta, fuska a murtuke.

"Baba, lalacewa ta yi?"

"Lahiyatta lau. Sakkwato za ni a goge ta. Wanda yas sa mani manhajar Linux cewa yay yi kyauta ta. Ina anka taɓa haka? Kayan sata na, ɗiyata."

"Haba Baba! Gayya ce, kamar yadda kuke haɗuwa ku yashe hanyar ruwa. Masu ita sun ce kowa ya ɗauka, ya ba wani."

"Mi? Halas ta?"

"Halas."

Dattijon ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Jiya nis sa maƙwabcina ya goge tashi, da taswirar gonakinmu duk ciki!"