Uwar Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Amsoshi

GODIYA: Halo? Malam Garba, barka da rana.

MALAM GARBA: Barka kadai, Godiya. Ya Gusau? Ya mahaifinki Amos da ƙafarsa?

GODIYA: Da sauƙi, Malam, jiya har coci ya je. Ya mutanen Bungudu? Ya Inna Uwani?

MALAM GARBA: Lafiya take. Ni ne ba lafiya ba. Ina zaune cikin ɗakin kwamfutar da kika haɗa mini, ba ni da ikon fita ko alwala.

GODIYA: Me ya faru?

MALAM GARBA: Yaran garin Rawayya sun gama jarabawar tallafin karatu, sun danna ajiya, komai ya daskare. Kin ce mini babbar kwamfutar nan uwa ce, ƙananan su rubuta, ita ta adana. Wace irin uwa ce 'ya'ya za su miƙa mata kaya ta naɗe hannu?

GODIYA: Malam, an ɗauke wuta?

MALAM GARBA: An ɗauke, na tada janareta. Ko zama ban yi ba aka dawo da ita, na maida layin NEPA. Sai suka sake ɗaukewa, na koma janareta.

GODIYA: Wato uwar ta mutu ta tashi, ba ta gama farfaɗowa ba ta sake mutuwa.

MALAM GARBA: Laifina ke nan? Man janareta tsada gare shi.

GODIYA: Ba naka ba ne. Idan uwar ta tashi, takan dakata kaɗan kowace ƙaramar kwamfuta ta zo ta ce ga fayil ɗin da nake riƙe da shi. In wuta ta katse ta a tsakiyar wannan jira, sai ta rikice, ta yi ta jira har abada. Kuskure ne a can cikin zuciyar manhajar. Na daɗe ina zarginsa, har na rubuta masa faci.

MALAM GARBA: Faci? Taya ce?

GODIYA: Haka muke kiran gyaran. Na aika wa masu kula da wannan sashe, suka ce in kawo shaida, don su ba su taɓa gani ba. A garuruwansu ba a ɗauke wuta irin haka.

MALAM GARBA: Madalla. Ba ni adireshin ofishinsu.

GODIYA: Ba su da ofis.

MALAM GARBA: To shugabansu. Tsawon aikina ban taɓa ganin makarantar da ba ta da hedimasta ba. Wani ya rubuta kuskuren nan da hannunsa, ina son ya tsaya gabana ya yi bayani.

GODIYA: Mutane ne warwatse a duniya, Malam, kuma kyauta suka ba mu. Wanda ya rubuta layin wataƙila ya daɗe da barin aikin.

MALAM GARBA: Kyauta ba ta halatta sakaci. Iyayen yaran nan sai da na sha rantsuwa kafin su bar su su hau hanya yau, kin san yadda hanyar take. Ba za su sake sakin su ba. Kuma kafin magariba ake rufe karɓar amsa. Bari in kashe ta in kunna, kamar yadda kowa ke yi.

GODIYA: Kada ka taɓa ta. Amsoshin suna cikin ƙananan, ba su sauka ko'ina ba, kuma baturansu sun tsufa. In wuta ta yanke ta ɗan jima, sun tafi. Uwar kuma in ka kashe ta, shaidar ta goge... Halo?

MALAM GARBA: Ina jin ki, muryarki ce ke yankewa. Wato ba kashewa, ba komawa NEPA, ba tafiya.

GODIYA: Sai na iso. Da hannu zan sake ta, in kwashi shaidar, amsoshin su shige.

MALAM GARBA: Kina ina yanzu?

GODIYA: Tudun Wada, ina neman ɗan acaba zuwa tasha. An ce akwai layi a shingen sojoji.

MALAM GARBA: To ki rubuta wa mutanen naki cewa Garba Abdullahi Bungudu, tsohon malamin lissafi, bai yafe ba.

GODIYA: Wannan ba za su buga ba. Amma al'adarsu ce a sa sunan wanda ya gano kuskure a jikin gyaran.

MALAM GARBA: Suna ba diyya ba ne. Amma ki sa shi cikakke. Tsaya... janaretan ya fara tari.

GODIYA: Mai nawa ya rage?

MALAM GARBA: Ƙasan tanki nake gani. Kuma ba mai sayarwa kusa.

GODIYA: Ba wanda za ka aika?

MALAM GARBA: 'Ya'yan mutane? Ba wanda zai fita ƙofar nan. Akwai mai a babur ɗina.

GODIYA: Malam, da me za ka koma gida?

MALAM GARBA: Wannan tambayar ba ta cikin jarabawa. Ina kika ajiye ɗan tiyon nan?

GODIYA: Bayan ƙofa, kan...

MALAM GARBA: Na gani. Ki hau mota.