Lotsawar Motar Baba

A rumfar mai gyaran bodin mota, wani mai baƙin gilashi ya tsaya nesa-nesa don kada baƙin mai ya taɓa masa riga. Mai gyaran bai ko ɗago ba.

"Malam, so nake ka lotsa min ƙofar mota."

"In miƙar dai, ranka ya daɗe."

"Lotsawa na ce. Motar mahaifina ce, ta girme ka. Shekara uku ina gyaranta da hannuna a tsakar gida. Na sauke injin, na sake wayoyin ɗaya bayan ɗaya, fentin ma daga waje na sa aka kawo. Ba irin aikinku na bakin titi ba."

"Madalla. To me ya kawo ka bakin titin?"

Mutumin ya sassauta murya.

"Tsohon ne ya rikice. Ko sunana ya ɓace masa, motar kawai yake tambaya. Da na gama na kai shi gabanta, ya shafa ta ya ce tasa tana da lotsawa a ƙofa. Yanzu kullum kuka yake, wai a mayar wa mai ita, shi ba ɓarawo ba ne. Jikin kuma sai ja baya yake."

Mai gyaran ya goge hannu.

"Ai bugu ɗaya ne. Wace ƙofa? Sama ko ƙasa?"

"Ban tuna ba."

"Ba hoto?"

"Babu. Lotsawar na fara shafewa, don kada maƙwabta su gani."